Daga Avotrou Zuwa Zango: Neman Injin Iska Na Hannu

Baƙon da ya sauka Kwatano yakan ɗauka duk Hausawan garin a Zango suke. Ba haka ba ne. Zango tana yamma da mashigin ruwan nan da ya raba gari biyu, wanda Faransawa suka haƙa a 1885 don haɗa tafkin Nokoué da teku. Mu kuwa muna Avotrou, ɓangaren Akpakpa, gabas da ruwa, inda unguwa ke gangarawa bakin tafki. In damina ta kankama, sai mutum ya naɗe wando kafin ya kai kwalta. Mai babbar sayayya a cikinmu yakan hau zemijan, wato 'yan kabu-kabu masu rawayar riga, ya haye ɗaya daga gadoji uku.

Abin da ya sa na haye a hutun da ya wuce shi ne ɗan yayata. Ya gama koyon kafinta, aka yaye shi, muka shirya kafa masa rumfa a gida. Kujera ba ta sayuwa sai da feshi mai sheƙi, feshi kuwa sai da kwampuresa. Kuɗin adashen uwarsa ne a aljihuna, saboda haka babu halin saye sau biyu.

Mai karatu ya san Kwatano da kayan hannu. Tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1965 kaya suka riƙa sauka nan suna wucewa Nijar da Nijeriya, amma a Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, sabon kayan Turai ya fi ƙarfin talaka, kasuwar tsoho ta buɗe sosai. Mutanen nan suna ce masa "Venu de France", a Kano kuma a ce ɗan Kwatano ko Baljiyam, ko da kuwa daga Jamus ya fito.

A Zango, kusa da babban masallaci, na nemi wani dattijo mai faci, mutumin Maraɗi, wanda ya daɗe yana cin abinci da irin wannan inji. Na ce, "Baba, rakiya nake roƙo." Ya ce, "Malam, ku masu alli kun fi son abu mai ƙyalli. Mu je, amma ka bar mini duba tanki."

Gaskiyarsa. A garin bakin teku irin namu iska jiƙe take, kuma duk lokacin da inji ya matse ta, ruwa yakan taru a gindin tanki. In mai shi ba ya zubarwa, tsatsa sai ta ci ƙarfen daga ciki, alhali waje yana walƙiya. Na farkon da aka nuna mana an yi masa sabon jan fenti. Baba bai ko dubi fentin ba. Ya durƙusa ya kwance ɗan famfon da ke ƙasa, sai ga jan ruwa da ɓarɓashin tsatsa. Ya shafa gindin, ya ji tabon walda a ƙarƙashin fenti, ya miƙe ya ce wa mai kaya, "Alhaji, Allah ya kawo kasuwa." Tankin da aka yi wa walda ba abin kai wa gida ba ne ko kyauta aka ba ka. Tayar ƙaramar mota ba ta wuce ma'aunin bar 2 da 'yan kai, kowa kuwa ya san ƙarar fashewarta. Wannan bar 8 yake riƙewa, cikin ƙarfe, a tsakar gidan da yara ke wasa.

Sai maganar wuta. Akwai ɗan allon ƙarfe manne a jikin kowane inji, a nan ake karanta shekararsa da irin wutar da yake ci. Ta gidajenmu bolt 220 ce. Manyan da aka kwaso daga garejojin Turai da yawa na bolt 380 ne masu layi uku, na Amurka kuma 110 ko 120. Sukan yi araha don masu saye kaɗan ne. Haka nan mai ƙarfin doki 3 yana jan sama da amfiya 10, lokacin tashi kuma ya ninka haka, ƙaramar mita ko ƙaramin janareto ba su ɗauka.

A shago na huɗu muka sami mai bel, doki 2, tanki lita 100, irin wanda ake zuba wa baƙin mai. Baba ya fi son sa da marasa mai, domin waɗancan ƙara gare su kuma ba su daɗewa. Muka sa aka fitar da iskar duka aka kunna, ni kuma na riƙe agogo. A nan karatu ya yi rana: lita 100 sau 8 ya ba da 800, ya cika cikin minti huɗu da rabi, ke nan kusan lita 180 a minti. Takardar jikinsa ta faɗi fiye da haka, amma lissafin iskar da yake shaƙa ne, wadda yake bayarwa kullum ba ta kai nan. Wannan ta isa feshin kujeru da kabad in ana ɗan dakatawa. Mai fentin mota ya nemi babba.

Da allura ta kai 8 ya tsaya da kansa. Wanda ba ya tsayawa, kada a saurari bayanin mai shi. Baba ya ja zoben bawul ɗin kariya, iska ta yi tsaki ta rufe. Muka shafa kumfar sabulu a mahaɗai, muka tafi sallar azahar, muka dawo allura tana inda muka bar ta.

Ciniki bai ja ba. Albarka biyu, a na uku ya sallama, ya ƙara mana tiyo. Baba ya ƙi karɓar la'ada sai goro. A keke mai ƙafa uku muka haye da shi gada. Yanzu yana kan bulo huɗu a gefen rumfa saboda ruwan damina, nesa da ɗakin yara, an sake masa mai da matatar iska, kuma kowace magariba yaron yakan kwance famfon ƙasa kafin ya rufe.