Awa ɗaya a sama, awa nawa a ƙasa?

Duk wanda ya ce maka daga Kano zuwa Abuja awa ɗaya ce a jirgi bai yi ƙarya ba. Sai dai lissafinsa ya fara ne daga ɗagawar jirgi ya ƙare da saukarsa, alhali mutumin Tudun Wadan Zariya daga ƙofar gidansa tafiya take farawa. Tun 1964 aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a nan Zariya, ƙananan jirage na ta shawagi a kanmu, amma filin na koyarwa ne, ba na jigilar fasinja ba. Mai son hawa jirgi sai ya nemi Kaduna ko Kano.

To mu lissafa. Zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano da ke Kano kusan awa biyu ce a mota, kuma arewa ka nufa, ka juya wa Abuja baya. Ana so ka isa aƙalla awa guda kafin tashi saboda bincike da awon kaya. Ka ɗora awar da za a yi a sama, sannan wajen kilomita 40 daga filin Nnamdi Azikiwe zuwa tsakiyar birnin Abuja. An doshi awa biyar ke nan, in ba a ɗage tashin ba, wanda kuwa ba baƙon abu ba ne. Wanda ya shiga motar Abuja a Kwangila, nan Zariya, tafiyar da ba ta kai kilomita 300 ba, yana iya rigan ka isa da kuɗin da bai kai rabin naka ba. Nan ne sauri ke haifar nawa. Dalilin a fili yake: gudun jirgi, kusan kilomita 800 a awa, sai a doguwar tafiya yake biyan wahalar zuwa fili da zaman jira. Shi ya sa Legas daban ce, don abin da mota ke kwana tana ci, jirgi daga Kano awa ɗaya da rabi yake yi.

Za a ce ai ba don sauri ake hawa jirgi ba, don tsira da rai ne. Wannan magana tana da nauyi, musamman ga wanda ya san abin da masu garkuwa da mutane suka yi a hanyar Kaduna zuwa Abuja, har jirgin ƙasa suka tare ranar 28 ga Maris, 2022. Amma shi ma mai tikitin sai ya bi titi kafin ya ga jirgin, kuma mutum nawa ne a Tudun Wada ke da kuɗinsa? Tsaron da sai mai hali ke iya saye bai warware wa gari komai ba.

Wasu kuma cewa suke a buɗe filin Zariya ga fasinja. Kamfani ba ya sauka inda ba zai cika kujeru ba, ga kuma Kaduna kilomita 80 kacal daga nan. Abin da zai rage mana tafiya da gaske shi ne layin dogon Kaduna zuwa Kano da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai ratsa Zariya ya haɗe da na Rigasa a Kaduna zuwa Idu a Abuja da ke aiki tun 2016. Jama'a, in wakilanmu sun zo neman ƙuri'a, wannan layin za mu tambaye su.