Birkin Motar Malam Da Ranar Kai Amarya

Watakila wata za ta ce, ina ruwan mace da zancen birki, ita da ke cikin kulle? To, ku saurara ku ji abin da ya faru a gidanmu bara da kaka.

Ƙauyenmu yana cikin ƙasar Ɗambatta, inda gona ke manne da gona, gida kuma ke kallon gida. Malam yana da wata tsohuwar a-kori-kura, wadda ta girmi duk 'ya'yanmu. Da ita yake kai gero da wake da gyaɗa kasuwar Dawanau, da rani kuma ya kwaso taki daga birni ya kai gonaki. Ban taɓa riƙe sitiyarinta ba, amma ni na fara gane ba ta da lafiya. Kullum Malam ya dawo sai ya ce ƙafarsa ta dama tana ciwo, in ɗauko man zafi in shafa masa. Da na tambaye shi, sai ya ce birki ne ya yi tauri kamar dutse, sai ya danna da iyakar ƙarfinsa kana motar ta tsaya. Na ce, “Malam, a kai ta wurin gyara mana.” Ya ce, “Ke dai yi mana addu'a. Ai tana tsayawa.”

Ran nan yaron motarsa ya shigo cin tuwo, bakinsa ya suɓuce. Ashe a kan hanyar Bichi saura ƙiris su take wata yarinya mai tallan fura, sai da Malam ya jefa motar cikin gonar mutane. Gabana ya faɗi, domin saura kwana tara a kai 'yata ta fari ɗakin miji, kuma a wannan mota aka shirya za a ɗauke ta, ita da ƙawayenta da gwaggwanninta. Kun dai san al'ada. 'Yar fari ko sunanta ba na kamawa, balle in tsoma baki a zancen tafiyarta. Na kwana biyu ina juyi a kan gado. A na uku na ga in na bi kunya zan yi kukan da ba shi da magani. Na durƙusa na ce, “Malam, ka gafarce ni, amma yarinyar nan ba za ta hau motar nan ba sai an duba ta.” Ya dube ni, ya yi shiru, can ya ce in aika a kira ƙanena, wanda ke aikin kanikanci a Kano.

Da ya zo, ina laɓe a zaure ina ji. Ya buɗe gaban motar, ya nuna wa Malam wata baƙar tukunyar ƙarfe da ke daidai bayan abin taka birki. Ya ce ita ce ke taya ƙafar direba aiki. Injin fetur yana zuƙar iska yayin da yake tafiya, akwai kuwa wani tiyo da ya haɗa shi da tukunyar, yana zuƙe iskar da ke cikinta. In direba ya taka, sai iskar waje ta shiga ta gefe guda, ta tura wani faifan roba, ƙarfin ƙafa ya ninku. Ya ce manyan motoci masu birkin iska nasu tsarin dabam ne.

Sa'an nan ya yi gwajin da kowa zai iya yi. Inji na kashe, ya taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri. Ya bar ƙafarsa a kai, ya tā da mota. Ya ce in tukunyar na da lafiya, abin takawar zai ɗan nutse ƙasa da kansa. Na Malam ko gezau. Ya kasa kunne, muka ji wani huci kamar na kububuwa. Ya bi tiyon da yatsa, sai ga tsaga: zafin inji da shekaru sun busar da robar. Ya leƙo zaure ya ce, “Yaya, kin ga abin da ya so ya ja mana.” Kuɗin sabon tiyo bai kai na kaza ɗaya ba.

Kafin ya tafi ya ba mu sauran alamu, ni kuwa na sa ƙaramar 'yata 'yar makaranta ta rubuta. In birki ya yi tauri, a duba tiyo da tukunya. In ya yi laushi kamar an taka soso, iska ta shiga hanyar man birki, ko kuwa man yana yoyo, sai a duba bayan tayoyi ko akwai jiƙa. In yana nutsewa sannu a hankali alhali ƙafa na kai, robobin famfon birki sun cinye. Kada a zuba ruwan sabulu ko baƙin mai a madadin man birki, gama ruwa yana tafasa in birki ya yi zafi, baƙin mai kuwa yana kumbura robobi. Ya kuma ce tun da fetur ya yi tsada a 2023, waɗansu direbobi suna kashe inji a gangara don tsimi. Wanda ya yi haka, taku biyu ko uku kawai tukunyar za ta taya shi, daga nan sai ƙarfin ƙafarsa kaɗai.

Aka kai amarya lafiya. Ni ina ɗaki ina jin guɗa har ƙarar motar ta ɓace, ban runtsa ba sai da gwaggwanni suka dawo. Tun daga ranar Malam bai sake neman man zafi ba.

To, 'yan'uwa, in maigidanki direba ne, ki kasa kunne ga abin da yake kuka da shi in ya dawo gida, ki yi magana cikin ladabi tun da wuri. Ku kuma 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku wannan shafi. Allah ya kiyashe mu da sharrin ƙarfe, amin. Wassalam.