Baƙin da suka ɓata mana rai a fili, amma dole a sara musu

Jama'a, tunda kwana biyun nan musun wa ya fi wani a ƙwallo ya cika shafukanmu, bari ni ma in sa baki, amma ta wata fuskar. Ba maganar wanda muka gani a talabijin zan yi ba. Tambayata ita ce: cikin 'yan wasan da suka zo ƙasar nan suka buga da mu, kana zaune a fili kana addu'ar Allah ya sa su yi kuskure, wane ne ya fi tsinka maka zuciya? Yabon ɗan ƙungiyarka ai ba wuya, so ne ke magana. Amma wanda ka koma gida kana jin haushinsa, kuma bakinka na cewa "wallahi yaron nan ya iya", to wannan shaidar babu son kai a cikinta.

Ni dai mutum uku ne nawa.

Na farko Paulo Figueiredo na Angola. Na san matasa da yawa ba su taɓa jin sunan ba. Ranar 18 ga Yuni 2005 ne, a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, wasan neman gurbin Kofin Duniya na 2006. Okocha ya ci tun da farko, fili ya ɗauka, kowa na ganin zafin ranar Kano kaɗai ya isa ya ƙarasa baƙin. Shi kuwa mutumin nan ya haura shekara talatin, kuma ba wata babbar ƙungiya yake bugawa a Fotugal ba. Bai cika gudu ba, bai cika yanka ba. Ya karɓa, ya bai wa na kusa da shi, ya matsa inda ba kowa, a sake ba shi. Namu na ta tsere cikin rana, shi yana adana numfashi. Bayan hutun rabin lokaci ya farke, aka tashi 1-1. Da aka gama wasannin rukuni, mu da Angola kowa na da maki 21, amma su suka wuce saboda sun ci mu 1-0 a Luwanda. Tawagar da ke da Okocha da Kanu a gida ta kalli gasar Jamus.

Na biyu Mario Götze. Ranar 24 ga Oktoba 2009 aka buɗe gasar Kofin Duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Abuja, mu da Jamus. Kafin mu farga an zura mana uku, sannan yaranmu suka yunƙura suka rama duka, aka tashi 3-3. Kowa murnar ramuwar yake tunawa, ni kuwa wani ɗan guntun yaro a tsakiyar Jamus ne ya tsaya min a rai. Kafin ƙwallo ta iso gare shi ya waiga hagu, ya waiga dama, ya gama sanin inda za ta. Taɓawa ɗaya, ta wuce. Bayan shekara biyar, shi ne ya ci ƙwallon da ta ba Jamus Kofin Duniya a kan Ajantina a 2014. Daren nan a gidan kallo na ce wa na kusa da ni, yaron nan na gan shi a Abuja, ya yi min kallon mai shara ƙarya.

Na uku, wanda a wurina shi ne gaba, Mohamed Salah. Kaduna, filin Ahmadu Bello, 25 ga Maris 2016, neman gurbin Kofin Afirka na 2017. Duk wanda ya je ya san yadda ranar ta kasance. An buɗe ƙofa kyauta, mutane har kan katanga da ƙarafunan fitilu, ikon Allah ne kawai ya sa aka watse lafiya. A lokacin Salah yana Roma, bai koma Liverpool ba tukuna. Etebo ya ci mana, muka fara ƙirga mintuna. Mafi yawan wasan Salah kamar ba ya fili, yana ta kai-kawo a gefen dama, amma ɗan bayanmu bai isa ya bar shi ya tafi kai hari ba. Mutum ɗaya ya ɗaure mana gefe guda ba tare da ya taɓa ƙwallo sosai ba. Ana dab da tashi aka zura masa ita, sai gani muka yi tana raga. Fili ya yi tsit, har muryar 'yan bencin Masar kana ji. Bayan kwana huɗu suka ci mu 1-0 a can, muka rasa gasar. Kakar 2017/18 da ya ci ƙwallo 32 a Firimiya, 'yan Kaduna ba su yi mamaki ba.

Abin da ya haɗa mutum ukun nan, kyamara ba ta nuna shi. Ita kyamara ƙwallo take bi. Kai da ke zaune a fili kai ne kake ganin abin da ɗan wasa ke yi sa'ad da ƙwallon ba ta wurinsa: inda ya tsaya, lokacin da ya huta, yadda ya ja mutum biyu ya buɗe wa wani hanya. Nan ne ainihin sana'ar take, kuma a jikin abokin hamayya aka fi ganinta, domin tsoro ba ya barin ka ɗauke ido daga kansa.

To ga inda abin ke damuna. Mu da muka taso a wancan zamanin mun samu rabo. Kano da Kaduna da Bauchi sun karɓi gasar matasa ta duniya a 1999 da kuma ta 2009. Kano ta karɓi wasannin Kofin Afirka na 2000. A Ƙofar Mata Sifaniya ta buga wasannin rukuninta a 2009, da su Isco da Koke da Morata. Yau kusan duk wasan gida na Super Eagles a Uyo ake yin sa. Yaron da ke buga ƙwallon layi a Fagge ko Tudun Wada ya san sunan takalmin kowane ɗan wasa a Turai, amma bai taɓa ganin ƙwararre ɗaya yana motsi a gabansa ba. Ta yaya zai koyi abin da allo bai nuna masa ba?

Gyaran filaye aikin hukuma ne, kuma haƙƙinmu ne mu yi ta magana har a yi. Amma 'yan kallo ma suna da nasu kason. Ranar 29 ga Maris 2022, bayan Ghana ta riƙe mu 1-1 a Abuja ta tafi Kofin Duniya, mutane suka afka cikin fili suka yi ta farfasa kaya. FIFA ta ci tarar Nijeriya, ta kuma sa aka buga wasa na gaba babu 'yan kallo. A gasarmu ta cikin gida kuwa, sau nawa ake jifan baƙi da alƙalin wasa don kawai an yi canjaras? Wa zai kawo maka babban baƙo alhali ƙaramin ma bai fita lafiya ba?

Baƙo in ya fi ka, ka tafa masa, ka koma ka gyara naka. Ba a taɓa cin kofi da dutse ba.

Saura ku. Wa kuka gani da idonku, a wane fili, wace shekara? Har 'yan Enyimba da Rangers da suka zo suka takura wa Masu Gida a saka su, su ma baƙi ne. Amma don Allah ban da na talabijin.

Allah ya dawo mana da manyan wasanni Arewa, ya ba mu halin karɓar baƙi.