Dutsen Tom Cruise Ba A Kashmir Yake Ba!

Masu kallon fim ɗin Mission: Impossible – Fallout na 2018 za su tuna inda Tom Cruise ya yi ta dambe a bakin wani dogon dutse, wai a Kashmir. To, ba Kashmir ba ne. Dutsen Preikestolen ne a ƙasar Norwe, mai tsayin mita 604 a kan ruwan Lysefjord. Irin wannan mashigi, inda teku ke kutsawa tsakanin duwatsu, shi ake kira fiyod.

Mai shirin zuwa can da hunturu sai ya fara da bizar Shengen, wadda za ta shigar da shi Denmak, Suwidin, Finlan da Norwe gaba ɗaya. Daga Kofanhegan akwai jirgin ruwa da ake kwana a ciki zuwa Oslo. Daga nan sai jirgin ƙasa mai zuwa Bergen, kusan awa bakwai cikin dusar ƙanƙara. A sauka a Myrdal, a bi ɗan layin Flåm mai kilomita 20, ya gangara da mutum har bakin fiyod. Kai, lokashan ke nan! Ko daraktan Indiya ya gani sai ya yaba.

Matsalar ita ce rana. A Disamba hasken Oslo bai fi awa shida ba, don haka mai son hoto ya gama kafin la'asar. A Tromsø kuwa rana ba ta fitowa sam daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu, amma a duhun nan ne ake ganin koren hasken sararin sama. Shi kuwa dutsen Tom Cruise, ƙanƙara na sa hanyarsa santsi, kada wani ya hau ba ɗan jagora.