Sa Hannun Kawu

A bakin layinmu a Bomo akwai wani allon ƙarfe da ya fi shekara uku a tsaye. Fentinsa ya fara ɓarewa, amma yana karantuwa: aikin rijiyar burtsatse mai amfani da hasken rana, ga sunan hukumar da ta bayar, ga sunan kamfanin da ya karɓa. A bayansa akwai ƙarafan ɗora tanki, tankin ne dai babu. Kawunan famfo shida ne a jere, ba su taɓa ɗiga ba, awaki ne ke sosa jiki da su. Kullum da asuba ƙanwata takan wuce ta gabansu da bokiti zuwa rijiyar maƙwabta, idan rani ya yi nisa rijiyar ta ƙafe sai mu koma jiran 'yan garuwa. Ni ma ta nan nake bi in fito Samaru, in hau mota zuwa Kwangila, in ƙaraso nan Poli a koya min aikin jarida. Amma sai da na shiga shekarar ƙarshe sannan na tsaya na karanta allon nan har ƙasa.

A tunanina na da, binciken ƙwaƙwaf aikin manya ne masu ɓoyayyiyar kyamara. Ina sakandare a watan Oktoban 2018 lokacin da Jaafar Jaafar na jaridar Daily Nigerian ya saki bidiyon da ya ce gwamnan Kano na wancan lokaci, Abdullahi Ganduje, ne ke karɓar daloli daga hannun 'yan kwangila. A teburin mai shayi muka kalla, mu wajen goma a kan waya ɗaya. Gwamnan ya musanta, ya ce haɗa hoton aka yi. Majalisar jihar ta kafa kwamiti, Jaafar ya je ya ba da bahasi, kotu ta dakatar da binciken, a 2021 kuma shi ɗan jaridar ne ya bar ƙasar zuwa Ingila don tsoron ransa. Sai kuma Umar Audu, shi ma na Daily Nigerian, wanda a ƙarshen 2023 ya nuna yadda ya sayo digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida, har ya shiga bautar ƙasa da shi. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri na Benin da Togo. Wannan kam ya taɓa mu, mu da muke shekara biyu muna fama da layin rajista saboda difloma ɗaya. Irin waɗannan nake son zama, mai fallasa babba ya girgiza ƙasa.

Malaminmu ne ya sauke ni. Da zai ba mu aikin zango sai ya ce, “Kada wanda ya kawo min labarin Abuja. Kowa ya koma unguwarsu.” To ni unguwarmu me ke akwai ban da allon nan?

Aikin ba shi da armashi ko kaɗan, in gaya muku gaskiya. Na ɗauki hoton allon. Na kwana biyu ina laluben kasafin kuɗi a intanet, data na ƙarewa ina sake saye, har na ga layin aikin. Sai da na ƙirga sifilin kuɗin sau biyu. Na je Sabon Gari wurin masu haƙa burtsatse uku, kowanne na tambaye shi nawa zai yi irin wannan aiki da tanki da sola da komai. Wanda ya fi tsada a cikinsu bai kai rabin abin da aka rubuta ba. Na rubuta wa hukumar takarda a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba ma'aikata kwana bakwai ta amsa. Kwana bakwai suka zama mako bakwai. Zuwana ofishin huɗu, kullum oga ya fita.

A zuwa na biyar wani dattijo mai kula da fayil, wanda ya gaji da ganina a benci, ya ajiye wata takarda a kan tebur ya ce zai je alwala. Takardar shaidar kammala aiki ce. An rubuta an gama, an gwada, ruwa na zuba. Injiniya ya sa hannu. A ƙasa, wurin wakilin al'umma, na ga sa hannun da na sani kamar tafin hannuna, domin shi ne a kan fom ɗina na shiga makarantar nan a matsayin waliyyi.

Kawu ne, yayan Ummanmu. Tun rasuwar Babanmu shi ke riƙe da mu. Shi ya biya min kuɗin rajistar shekarar farko, kuma da na duba kwanan watan takardar, tsakaninsa da biyan kuɗin nan bai fi wata ɗaya ba. A motar dawowa har muka wuce Samaru ban sani ba, sai da kwandasta ya taɓa ni.

Umma na fara gaya wa. Ba ta ɗago daga tsintar shinkafar da take yi ba. Ta ce, “Kai wannan, karatun da aka tura ka ke nan, tonon silili? Ruwan nan dai ba yau muka fara sayensa ba.”

A aji an koya mana cewa ba a buga zargi sai an ji ta bakin wanda ake zargi. A littafi layi ɗaya ne. Ba wanda ya gaya mana yadda ake yi idan sai ka cire takalmi ka durƙusa kafin ka yi tambayar. Bayan sallar isha na same shi a zaure, na gaishe shi, na miƙa masa wayata da hoton.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Ɗan nan, sun zo da mota, suka ce in an sa hannu za a saki ragowar kuɗi a kawo tanki. In na ƙi, sun ce aikin zai koma wani gari. Ni me na sani?”

Na ce, “Kawu, sun ba ku wani abu?”

Ya ce, “Sun ba da na goro. Ka san inda ya tafi.”

Na sani. Kuma ban ga ɓarawo a zauren nan ba, dattijo na gani wanda aka yi wa wayo da abin da bai kai kuɗin tanki ɗaya ba, aka jingina satar miliyoyi a kan sa hannunsa. Amma ba don wannan sa hannun ba, da fayil ɗin bai rufu ba, da wataƙila ƙanwata ba ta ɗaukar bokiti har yau. Duka biyun gaskiya ne, na rasa yadda zan rubuta ɗaya in bar ɗaya.

Abokina a aji ya ce in cire batun wakilin al'umma kawai, labarin zai tsaya da ƙafarsa. Wallahi na gwada. Na karanta shi sai na ga na yi irin abin da injiniyan ya yi, na sa hannu a kan aikin da na san ba a gama ba. Sai na mayar da sakin layin, na rubuta yadda aka yaudare shi da abin da ya karɓa, na kuma rubuta cewa kawuna ne, don kada wani ya gano daga baya ya ce na ɓoye. Kafin in miƙa wa malam na koma zaure na karanta wa Kawu daga farko har ƙarshe, ina fassara masa. Bai ce in cire ba, bai kuma ce in bari ba. Ya tambaye ni ko sunan kamfanin yana ciki, na ce yana ciki, da lambar rajistarsa.

Malam ya tura labarin ga wani tsohon ɗalibinsa da ke aiki a wata jaridar intanet, sun ce suna neman jin ta bakin kamfanin. Na sake kai takarda ta biyu hukumar, wannan karon da sa hannun mutum talatin da ɗaya na layinmu. Na Kawu ne na huɗu. Yana amsa gaisuwata, amma tun ranar bai sake aike na ko sayen kati ba, ƙanena yake kira.