Titin Gidan Zu: Ɗakin Da Ake Haihuwar Labari

Duk wanda ya sauka a titin Gidan Zu da ke Kano da yamma, abin da zai fara tarar da shi shi ne hayaniyar 'yan adaidaita sahu, da cunkoson masu shiga Ado Bayero Mall, da samarin da suka yi cirko-cirko a gindin benaye ko Allah zai sa su hango wani jarumi. A benayen nan ofisoshin 'yan fim suke. Amma in baƙo ya haura sama ya leƙa can ƙurya, zai ga wanda ba a rububin ɗaukar hoto da shi: marubuci, shi da laftof ɗinsa.

A zamanin kaset, mutum ɗaya kan rubuta labarinsa da biro, wani sa'in ma a lokeshan ake ƙarasa zancen. Yanzu kuwa finafinai masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Labarina sun sauya lissafi, domin kowane mako sai an samu sabon kashi. Hannu ɗaya bai cika iya wannan jidali ba. Shi ya sa muhawarar ɗakin ta koma: da wace manhaja za a yi rubutu?

Mai aiki shi kaɗai zai ji daɗin Final Draft. A cikin kwamfuta take zaune, ko babu intanet tana aiki, kuma ita ke jera sunan ɗan wasa da maganarsa yadda shafi guda zai ba da kusan minti ɗaya a allo. Illarta tsada, don da dala ake sayenta.

In kuwa mutum uku ne, ɗaya a Kano, ɗaya a Kaduna, ɗaya a Jos, to WriterDuet ce ta dace, domin kowa na ganin abin da ɗan'uwansa ke bugawa nan take. Google Docs ma haka, kuma kyauta ce, sai dai tsarin shafin fim da hannu za a yi shi. Sharaɗinsu dai data da sabis mai ƙarfi.

Babban haɗari shi ne tura kwafi barkatai ta WhatsApp. Sai an je lokeshan a tarar jaruma ta haddace tsohon sin, darakta na riƙe da sabo, ga kuɗin furodusa na ƙonewa!

Don haka matashin da ke mafarkin hawa benen nan, kafin ya zaɓi manhaja ya fara tambayar kansa: ni kaɗai ne, ko da abokan tafiya? Allah ya ba da sa'a.