Haƙorin Hajiya Bai Yi Laifi Ba

Gaɓar muƙamuƙi tana gaban kunne. Ɗora yatsa a wurin ka buɗe baki, za ka ji kan ƙashin yana zamewa gaba. Tsakaninsa da ƙoƙon kai akwai ɗan faifan guringuntsi da ke tafiya tare da shi, yana hana ƙashi gugar ƙashi. Duk wanda ya karanci aikin haƙori ya san wannan. Ni ma na sani, amma sanin bai hana ni cire wa wata dattijuwa lafiyayyen haƙori ba.

Da bakinta ta faɗa mini cutar, ban dai saurara ba. "Likita, da can in na yi hamma sai in ji ƙas. Yanzu ƙarar ta daina, amma bakin ya ƙi buɗuwa." Yatsu biyu ne ke shiga da ƙyar, alhali mai lafiya yana kai milimita 40 ko fiye, wato kimanin yatsu uku. Haɓarta kuma tana karkata dama in ta buɗe. Na tura ta ɗaukar eksire irin mai nuna haƙora duka a jere. Ƙashin gaɓar ya fito sumul, sai wani matauni na can ƙarshe da ya ɗan kwanta. Na ce, "Hajiya, ga ɓarawon nan." Na cire shi, bayan na wangale mata bakin da dama buɗewar ce ke masa ciwo.

Ta dawo, ko tuwo ba ta iya taunawa. Wani malamina da na kai wa hoton bai ko ɗaga shi sama ba. Cewa ya yi, "Yaro, faifai ka taɓa gani a eksire?"

Ban taɓa ba, kuma ba wanda zai gani. Hasken eksire ratsa guringuntsi yake ya wuce, abu mai tauri irin ƙashi da haƙori ke tare shi. Na'urar MRI, mai aiki da maganaɗisu, ita ke nuna faifan, kuma sau biyu ake ɗauka: baki a rufe, baki a buɗe. Da aka ɗauki Hajiya, sai ga nata ya goce gaba, ba ya komawa mazauninsa ko ta buɗe. Ƙarar da take ji a da, ta faifan ce yana faɗawa gurbinsa. Da ya daina komawa sai ya tokare hanya, ƙarar ta ɗauke.

MRI ɗin ma da iyakarta. Zaizayar kan ƙashi, ko gaɓar da ta haɗe ta zama ƙashi guda, irin ta yaran da suka faɗi a kan haɓa ko kunnensu ya daɗe yana ruwa, hoton CT ne ke fito da su dalla-dalla. Shi ya sa a wasu manyan asibitoci ake ɗora hotunan biyu a kan juna a kwamfuta, a ga faifai da ƙashi lokaci ɗaya. Sikanin irin na masu juna biyu ya fi araha, sai dai gefen waje kawai yake leƙowa, ƙashi ya tare masa sauran.

Tsoro ya so ya sa in riƙa tura kowa MRI, malamin ya taka mini birki. Kusan mutum ɗaya cikin uku da ba su da ciwon komai, in an ɗauke su, ana samun faifan ya ɗan goce. Ga tsada, ga nisa. Yanzu sai na saurari labari, na auna buɗewar baki, na danna tsokar tauna, sannan in yanke abin da nake nema: faifai ne ko ƙashi, ko duka biyun.

Hajiya ta samu sauƙi da abinci mai laushi, maganin kumburi da atisayen buɗe baki a hankali. Na faɗa mata gaskiya game da haƙorin. Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, sannan ta tambaya ko zan mayar mata da kuɗin cirewar. Na mayar.